Zare da Ƙusa: Adon Sallah da Hannunka

Masu sauraronmu na Dutsin-Ma da Kurfi, barkanmu da shan ruwa. Mutanen Karofi da Shema da Makera, ina gaisuwa. Na Birchi da Wurma da Barkiya da Rawayau, da fatan kuna jin mu raɗau. Allah ya karɓi ibadarmu, ya zaunar mana da yankinmu lafiya.

Shirinmu na yau na aikin hannu ne. Sallah ta ƙarato. An kai ɗinki, ana lissafin kaji, ana shafe ɗaki. To bangon fa? Yau za mu koyi adon bango da kaya uku kacal. Katako, ƙusa, zare. Uwargida, a riƙe su da kyau. Katako, ƙusa, zare.

Zan fara da faɗa muku mene ne abin, kuma daga ina ya fito. Sannan mu tattara kayan aiki. Daga nan mu yi aikin tare, daki-daki. A ƙarshe ina da 'yar magana da malaman makaranta.

To bismillah, ga kashi na farko.

Duk wanda ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ranar Laraba a ƙarshen azumi ya san abin da ido ke gani. Furannin roba. Ledoji masu ƙyalli. Fitilu masu kashewa da kunnawa. Suna da kyau, ban musa ba. Amma bayan mako biyu ƙyallin ya dushe, gam ya saki, yara sun yage sauran. Baɗi a sake saye. Kuma irin wanda ke ɗakinki, shi ne a ɗakin maƙwabciyarki, shi ne a shagon mai aski.

Adon zare da ƙusa daban yake. Ana samun allon katako. A kafa masa ƙananan ƙusoshi a jere, bisa wani zane. Sai a ɗaura zare a ƙusa ɗaya, a ja shi zuwa wata, a zagaya, a ja zuwa wata. Haka, haka, har zane ya fito. Babu allura. Babu keke. Babu ruwanka da wutar lantarki.

Ga abin mamakin. Kowane zare a miƙe yake tafiya, sambal, daga ƙusa zuwa ƙusa. Amma idan suka taru, sai ido ya ga lanƙwasa. Zare a miƙe, ido na ganin lanƙwasa. Sirrin aikin ke nan gaba ɗaya.

Gani ya kori ji. Wanda ke kusa da takarda da biro ya ɗauko. Ja layi ɗaya a tsaye. Daga gindinsa ja wani a kwance, su haɗu kamar kusurwar ɗaki. A layin tsaye ɗiga ɗigo 10, ka sa musu lamba daga sama zuwa ƙasa. A layin kwance ma ɗigo 10, amma ka fara lambar daga kusurwa ka yi waje. Yanzu haɗa 1 da 1. Haɗa 2 da 2. Ci gaba har 10. To ɗaga takardar ka duba. Ka ga wani baka ya fito, kamar bakin lauje? Ba ka zana shi ba. Miƙaƙƙun layuka ne suka haife shi. Masana lissafi suna kiran wannan lanƙwasa farabola. Kada sunan ya ba ka tsoro. Ita ce hanyar da dutse ke bi idan yaro ya jefa shi sama, ya tafi ya sauko. Ita ce kuma siffar farantin dish da ke kan rufin gidaje.

Wace ce ta fara wannan dabara? Wata Baturiyar Ingila ce, Mary Everest Boole. An haife ta a 1832, ta rasu a 1916. Sunan baffanta, George Everest, shi aka sa wa dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya. Mijinta kuwa, George Boole, masanin lissafi ne wanda aikinsa ya zama harsashin yadda kwamfuta ke aiki, har da wayar da ke aljihunka. Ya rasu a 1864, ya bar ta da 'ya'ya mata biyar. Ta kama aiki a ɗakin karatu na wata kwalejin mata a Landan. Ta lura yara na tsoron lissafi idan a allo kawai suke ganinsa. Sai ta ba su kwali mai huji-huji da allura da zare, ta ce su ɗinka. Yaro yana wasa, hannunsa yana koyon abin da littafi zai gaya masa daga baya.

Ka ga ashe abin daga aji ya fito. Sai a ƙarshen shekarun 1960 ya zama kayan ado a Amurka da Turai, ana yi da ƙusa a kan katako ana ratayewa a falo. A yau mutanen can suna yin sa lokacin bukukuwansu, su yi tauraro, su yi bishiyar Kirsimeti. A 2016 ma wani ɗan ƙasar Girka, Petros Vrellis, ya fito da fuskar mutum sak da baƙin zare guda ɗaya a cikin kewayen ƙarfe, kwamfuta na gaya masa ƙusar da zai je.

Amma ni fa, duk lokacin da na ga wannan aiki, kakata nake tunawa. Tana zaune a inuwar rumbu, ƙafa a miƙe. Ga auduga an gurje, an shiɓe. Ga mazari yana juyi a cikin 'yar tasa. Ta taɓa alli da yatsa, ta ja, zare na fita siriri kamar ba zai ƙare ba. Jiharmu ta Katsina ƙasar auduga ce, a tambayi mutanen Funtuwa da Malumfashi. Kalmar karofi kanta, ai wurin rini ake nufi da ita. Dubi aska takwas a gaban babbar riga. Dubi hular da ke kanka, Malam, ka ƙirga ɗinkin in za ka iya. Dubi faifan da aka rufe fura da shi, yadda launi ke bin launi yana zagayawa. Dubi dagi a goshin tsohon zaure. Hannun da ya san waɗannan, zare da ƙusa ba zai gagare shi ba. Ƙusar ce kawai baƙuwa.

Na san wani zai ce, Malam, maganar hoto fa? Hankalinka ya kwanta. Abin da za mu yi babu mai rai a ciki. Kewaye ne, tauraro ne, jinjirin wata ne, ƙubbar masallaci ce. Shawarata kuma, kada a rubuta aya da zare. Harafi na iya karkacewa, allon na iya faɗowa ƙasa a taka. Barka da Sallah ta wadatar.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu mu shiga na biyu, kayan aiki.

Katako tukuna. Je wurin kafinta ka nemi guntun da ya rage. Ƙafa ɗaya da ɗan ɗoriya ta kowane gefe ya isa. Kaurinsa ya kai kaurin babban yatsa. Kada ka karɓi filawud ɗin nan siriri na silin, ba ya riƙe ƙusa. Duba kuma kada ya zama gara ta fara ci. A goge shi da sanfefa ya yi sumul. Sai a shafa fenti mai duhu, ko a lulluɓe shi da baƙin ƙyalle a ɗame ta baya. Duhun shi ke sa zare ya haska.

Sai ƙusa. 'Yar inci ɗaya, mai kai. Mai kai, na ce. Kan nan shi ke hana zare zamewa. Sabuwa za a saya. Kada a tsinto mai tsatsa a bola.

Sai zare, kuma nan ne mata suka fi mu sani. Zaren ɗinkin hula mai sheƙi ya fi kowanne fitowa. Zaren saƙar kwarashi ma yana yi, ga shi da ƙarfi. Ulu ya dace da yara, don yana da kauri, aikin na saurin cika. Zaren keke kuwa ya cika sirantaka, kana ja zai tsinke. In kana da tela aboki, tambaye shi ragowar da ba ya so. Amma fa ka san tela a goman ƙarshe. Kada ka tsaya masa a ka. Ka gaishe shi, ka karɓa, ka wuce.

Launi biyu ko uku sun isa. Fari da ruwan gwal a kan baƙi. Kore da fari a kan shuɗi mai duhu. Kada ka ɗora ja a kan jan allo, don zaren ba zai fito ba.

Ragowar kayan duk suna gida. Guduma ƙarama, almakashi, fensir, tsohuwar jarida, murfin tukunya, da tsohon mataji. Za ku ji amfanin matajin yanzu.

Kashi na uku, aikin kansa. A matso kusa da rediyo.

Za mu fara da kewaye, don shi ne uwar sauran. Kifa murfin tukunya a kan jarida. Zagaye shi da fensir, ka yanke. Ga ka da takarda mai kama da faifai. Ninka ta biyu. Sake ninkawa. Sake. Sake. Sau huɗu ke nan. Buɗe ta. Za ka ga karaya 16 sun isa baki, tsakaninsu daidai wa daida. Ɗiga fensir a bakin kowace. Sannan ɗiga a tsakiyar kowane biyu. Ɗigo nawa ke nan? 32. Ba ka taɓa rula ba, amma ka raba kewaye gida 32.

Shimfiɗa takardar a tsakiyar katako. Bar fili kamar yatsu uku daga baki. Kafa ƙusa a kowane ɗigo.

Bari in ba ku labarin kaina a nan. Ranar da na fara, na samo wani siririn katako, na ɗora a kan bencin ƙofar gida. Na jera ƙusoshi dab da baki. A ta bakwai na ji ƙas, katako ya tsage gida biyu. Na zo ɗagawa, ashe ƙusoshin sun ɓula sun kama bencin. Ga babban yatsana ya kumbura. Yaran unguwa suka sami abin dariya har aka kira magariba.

Don haka ga abin da wannan rana ta koya mini. Ɗora aikin a ƙasa mai tauri. Kada ƙusa ta matsi baki. Ɗan daki tsinin ƙusar da guduma ya dakushe kaɗan kafin ka kafa ta, dabarar kafintoci ce, tana rage tsagewar katako. Sannan soka ƙusar tsakanin haƙoran mataji, ka riƙe matajin. Guduma ta sauka, yatsanka na nesa. Rabin ƙusa ya shiga, rabi ya tsaya a waje. Duk su zama tsawo ɗaya, a tsaye cak. Ka gama? Yage takardar ka cire.

Yanzu zare. Ƙulla shi a ƙusar da ke sama, ƙulli biyu. Ƙirga ƙusoshi ta hannun dama. Wadda ka ɗaura ba ta cikin ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, har 11. A ta 11 ɗin zagaya zaren sau ɗaya. Daga nan sake ƙirga 11, ka zagaya. Sake ƙirga 11. Kada ka sauya hannu, kada ka sauya lamba. Da farko za ka ga kamar shirme kake yi. Layuka na gilma juna ba kai ba gindi. Yi haƙuri ka ci gaba. Bayan ja 32 cif, zaren zai komo ƙusar da ya baro. Kuma a tsakiyar allon za ka ga wani sabon kewaye ya buɗe kamar ido. Zare a miƙe, ido na ganin lanƙwasa.

In faɗin murfin naka ya kai santimita 30, wannan zagaye ɗaya zai ci zare kusan mita 9. Saboda haka kada ka yanke shi tun farko. Bar shi a jikinsa kana warwarewa.

Me ya sa na ce 11, ban ce 8 ba? Gwada ka gani. In ka ƙirga takwas-takwas, ja huɗu kawai za ka yi ka dawo gida, ka sami murabba'i, wato mai kusurwa huɗu. Dalili, 8 tana shiga 32 sau huɗu ba saura. Kun tuna cika da mara? A ƙusa 32, duk lambar da take cika za ta mayar da kai gida da wuri, ta bar wasu ƙusoshi tsirara. Mara kuwa sai ta ziyarci kowace ƙusa kafin ta koma. Mara, ita ce lambar da ba ta rabuwa biyu daidai. 7, 9, 11, 13. Kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar idon tsakiya.

To ga yadda ake jera launi. Fara da 13 da farin zare. Ƙulle, yanke. Ɗora 11 da ruwan gwal. Ƙulle, yanke. Rufe da 7 da kore. Babbar lamba a ƙasa, ƙarama a sama, don kowane launi ya leƙo. Ka danna zaren farko ya kwanta a gindin ƙusa, na biyu ya sami wurin zama.

Jan zare kuma yana da ƙa'ida. Ya ɗame, amma kada ya ɗame har ƙusa ta sunkuya. In ka taɓa shi da yatsa ya ɗan yi motsi ya koma, ya yi daidai. A kan ƙullin ƙarshe ɗiga ɗan gam, ko ɗigon jan farce mara launi.

Wanda ya iya kewaye, tauraro wasa ne. Ƙusa 5, ƙirga bibbiyu, ga tauraro mai kai biyar. Ƙusa 8, ƙirga uku-uku, ga mai kai takwas. Jinjirin wata kuma murfi biyu yake so. Zana babba. Ɗora ƙarami a ciki, ka tura shi gefe har ya taɓa baki. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne watan. Jera ƙusa a bakin waje da bakin ciki, ka riƙa kai zare ka komo tsakaninsu har ya cika. Rubutu da dagi sun fi wuya, don suna cin ƙusa da yawa. A bar su sai Babbar Sallah, lokacin hannu ya faɗa.

Iyaye, ga taku. Guduma da ƙusa aikin babba ne. Yaro nasa zare. In yara ƙanana ne, a bar ƙusa gaba ɗaya. A yanko kwalin taliya ko na sabulu, a yi masa faifai, a tsattsaga bakinsa da almakashi wuri 16. Zare zai maƙale a tsagar kamar yadda yake maƙalewa a ƙusa. A huda sama a rataye a ƙofar ɗaki. An gama aiki, a share wurin, a ƙirga ƙusoshin da suka rage. Mai rarrafe komai baki yake kaiwa. Wanda kuma ƙusa ta soke, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba maganar allurar titanus, cutar nan mai sandarar da jiki da muƙamuƙi. Kada a tsaya shafa toka ko man birki.

Wurin ratayewa, a sa shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A nisanta shi da hasken rana kai tsaye, don launi na koɗewa. A nisanta shi da hayaƙin murhu. Lokacin hunturu ƙura za ta hau, sai a kaɗe da gashin kaza a hankali. Kada a sa ruwa, ƙusa za ta yi tsatsa ta ɓata zaren.

Wata za ta tambaya, ana samun kuɗi da shi? Ba zan yi miki alkawarin arziki ba. Amma allo mai tsabta, mai launi biyu, abin kai wa amarya ne, abin riƙewa ne a je gaida surukai da shi ranar yawon Sallah. In an gani an yaba, mai so zai tambayi farashi da kansa. Ki fara da na ɗakinki.

Ga kashi na ƙarshe, maganata da malamai. A garin nan muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, inda ake horar da malaman gobe. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ɗalibai, kun ji abin da muka yi ɗazu da 8 da 11? Darasin rabawa ne, wanda yaran firamare ke kuka da shi. Kun ji ninka takarda sau huɗu? Biyu sau biyu sau biyu sau biyu ke nan, 16. Malamin lissafi a Tsauri ko Kuki, wanda ajinsa ba shi da komai sai allo da alli, kwali da ragowar ulu ba za su gagare shi ba. A raba wa yara kafin hutun Sallah. Kowa ya zaɓi lambarsa, ya faɗi ko zarensa zai zagaye duka ko zai dawo da wuri, sannan ya gwada. Wanda ya gama ya tafi da shi gida ya ba mahaifiyarsa.

To masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. In maimaita don wanda ya kunna a makare. Katako mai kauri. Ƙusa 'yar inci ɗaya mai kai, guda 32. Ninka takarda sau huɗu. Ƙirga 11, kada ka sauya hannu. Ranar Laraba in an shiga kasuwa sayen kayan miya, a biya ta wurin masu ƙusa da masu zare. Maigida, kai ne mai guduma, kuma kada ka manta da mataji. A sha ruwa lafiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.